Figaggiya da 'Yan Dako

Dalilin da ya sa a Tungar Gwaza ake ce wa babur maras riga Figaggiya, sojojin bakin rafi kuma 'Yan Dako, ku bar ture-turen nan ku ji.

A da, kowa ado yake yi wa babur: madubi huɗu, geza, fitilu kamar gidan biki. Jatau ɗan acaɓa ne kaɗai ya bauɗe. Hanyar garin taɓo ce zalla, sai ya kwance murfin gefe da duk ƙarfen da ba dole ba, ya bar inji da taya biyu da wurin zama. Matarsa Kande ta leƙo ta ce, "Malam, wa ya fige maka kazar?"

Wata damina aka girke sojoji a bakin rafi. Sajensu ya ga babur ɗin, ya ce ɓarawo ne kaɗai ke tuɓe babur haka. Ya ƙwace, ya ce ranar Juma'a za a ƙone shi. Jatau kuwa ba gona, ba akuya, babur ɗin nan ne tuwon gidansa. Kwana uku yana zuwa yana tsugunawa, ko kallo bai samu ba.

Ranar Alhamis da hantsi kububuwa ta sari wani kofur. Asibiti na can nesa a tsallake, rafi ya cika, motar soja ta kafe a taɓo. Aka kawo wani babur mai ado, ƙarti huɗu suka kasa ratsa ruwa da shi.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa mutum biyu ma sun ɗauke shi."

Saje ya sa aka turo babur ɗin Jatau. Ya cire hularsa ya yi gammo da ita. Shi da wani soja suka ɗora babur a ka, ruwa har ƙirji, wasu na biye ɗauke da kofur. Wata tsohuwa mai wanki ta ce musu, "Sannunku da dako."

A tsallake aka ɗaure kofur a bayan Jatau da zani, ya ja. Kofur ya rayu.

Da Saje zai sallame shi ya ce, "Tafi da abinka, amma ka mayar masa da rigarsa."

Jatau ya ce, "Da rigar, ranka ya daɗe, da yau muna zaman makoki."

Shi ya sa har yau samarin Tungar Gwaza ke fige baburansu, kuma in Figaggiya ta iso shinge, 'Yan Dako ba sa tambayar komai, igiya kawai suke saukewa.