Latin ɗin Ƙaramin Lauya da Shagon Yayarsa

Akwai wani mutum da ya shekara ashirin yana buga takardu a ofishin wani lauya. Bai taɓa karanta aikin lauya ba, amma yana da ɗan littafi da ya cika da kalmomin Latin, kowace da ma'anarta ta Turanci a gefe. Ko ruwa ya nema a gida sai ya saka Latin. 'Yan uwa suka laƙaba masa Ƙaramin Lauya don tsokana, shi kuwa ya ɗauki abin da gaske, kansa ya yi girma.

Wata rana yayarsa ta zo masa da takardar kotu. Tela ce, mijinta ya rasu ya bar mata shago ɗaya, da shi take ciyar da 'ya'ya huɗu. Maƙwabcinta ne ya kai ƙara, wai shagon a filinsa aka gina.

Ƙaramin Lauya ya dubi shafin farko kawai, ya ninke takardar.

"Audi alteram partem, Yaya," in ji shi.

"Kai dai yi min maganar mutane."

"Ma'ana, ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa. Barazana ce kawai. Ki ajiye, ki ci gaba da ɗinkinki. Ba su isa su yi komai ba sai da ke."

"Ba za ka nuna wa maigidanka ba?"

"Ni da shi duk abu ɗaya muka sani."

Ta ajiye takardar a aljihun keken ɗinki. Da ta biyu ta zo, ta ɗora a kan ta farko, tunda ƙaninta ya faɗa. Wata biyar suka wuce, sai ga ma'aikatan kotu da kwaɗo a hannu, sun zo rufe shagon.

A ranar ne Ƙaramin Lauya ya kwashi takardun ya shiga wurin lauyan. Lauya ya karanta har shafin ƙarshe, ya cire tabarau.

"An kira ta sau biyu, ba ta je ba. Dama ake ba mutum ya yi magana, ba a zama jiransa. An yanke hukunci in absentia, wato a bayan idonta. Sau nawa ka buga wannan kalmar da hannunka? Lokacin ɗaukaka ƙara ma ya wuce. Tsakanin teburinka da ƙofata taku uku ne. Me ya hana ka?"

Ƙaramin Lauya ya san abin da ya hana shi: ba ya so a gida a gane cewa aikinsa buga takarda ne kawai.

Ya tafi shagon. Ya yi zaton zai yi kuka, ko kunya ta kama shi, amma bai ji komai ba. Ya ɗauki kan keken ya fitar, ya koma ya ɗauko buhun yadi, ya koma ya ɗauko kujera. Yayarsa na zaune a bakin titi tana naɗe zare, ba ta yi faɗa ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Da aka datse kwaɗon, sai ta dube shi.

"Wannan kuma me ake ce masa da Latin?"

Ya sunkuya ya ɗauki buhun yadin.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, haddace kalma daban, sanin aikinta daban. Wanda aka kawo wa matsalar da ta fi ƙarfin iliminsa, ya ce bai sani ba, ya kai ta ga wanda ya sani. Girman kan mai ba da shawara ba shi yake cutarwa da farko ba, wanda ya yarda da shi ne yake fara shan wahalar.