Ɗorawar Hure

An yi wani mutum a wani ƙauye ta wajen Shanono, inda gona ke jingine da gona, har idan ka yi tari a taka maƙwabci zai ce maka sannu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye.

A shekarun nan da hatsi ya yi tsada, tukwane suka riƙa kwana a kife, sai ya sayar da awakinsa ya shiga Kano sayen injin yankan itace, irin mai sarƙa. Mai shago ya nuna masa ƙarami, ya ce wannan ya isa rage rassa da yanka abin da iska ta kayar. Shi kuwa ya kafe sai babba. Mai shago ya ce, "To Malam, fetur ɗinsa sai an haɗa da baƙin mai. Haƙoran sarƙar nan ka riƙa wasa su da magagari. Kuma don Allah kada ka tsaya gindin babbar bishiya kai kaɗai." Ya ce ya ji. Ya 'yan uwa, kun dai san irin wannan jin, wanda ba ya wuce kunne.

Da fari halal yake ci. Sai masu gidajen burodi suka fara turo motoci neman itace, ido ya buɗe. Ya gama da gawo da kanyar gonarsa, ya koma kan bishiyoyin kan iyaka, waɗanda kowa ya san na mutum biyu ne. Aka yi magana har aka gaji. Daga nan idan ya iso majalisa sai hira ta mutu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, bai sake aure ba, don haka daga shi sai injin. Mutum guda ce ba ta daina leƙa shi ba, yayarsa Hure.

Kun san al'adarmu a rabon gado, gona daban, bishiya daban. Gonar mahaifinsu ta faɗo masa, ɗorawar da ke tsakiyarta ta faɗo wa Hure. Mijinta ya rasu, da kalwar bishiyar nan take yin daddawa ta sayar ta ci.

Da labari ya kai mata, ta yafa mayafi ta same shi. Ta ce, "Ɗan Inna, an ce kana zagaya ɗorawata. Ita ce gonata, ita ce kasuwata. Ka bar min ita."

Ya ce, "Haba Yaya, inuwarta ce fa ke kashe min gero."

Ta ce, "Baba ma a inuwarta ya yi noma har ya bar duniya."

Ya juya ya kama goge injinsa, ita kuwa ta ɗauka ya haƙura.

To inji yana da tonon asiri, ƙararsa har ƙauye na gaba. Sai Shaiɗan ya ba shi shawara: ranar Juma'a, lokacin da maza duk suka tafi gari salla. Ku duba lissafin bawan Allah nan! Ya ɓuya wa mutane, a sa'ar da Allah Ya kira shi. Kunyar wa ya kamata ya fi ji, ta mutane ko ta Allah?

Bazara ce, ɗorawa ta yi 'ya'ya har rassa sun sunkuya. Injin kuwa ya daɗe bai ga magagari ba, baƙin mai ma ƙonanne yake zuba masa don tsimi. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a fara yi wa bishiya baki ta ɓangaren da ake so ta faɗi. Shi yana sauri kada a taso daga masallaci, sai ya kama yanka kai tsaye. Sarƙa ta dakushe, tana hayaƙi tana fitar da gari, can ta maƙale a cikin itace, inji ya mutu. Ya tsaya yana fizga. Bishiya ta yi ƙara, ta juyo, ta danne masa ƙafa.

Ya yi kira har murya ta dushe. Wa zai amsa? Ai shi da kansa ya zaɓi lokacin da babu kowa. Matan da ke cikin gidaje sun ji ƙarar inji, da ya yi shiru sai suka yi hamdala suka ci gaba da daka. Yana nan kwance cikin rana sai bayan la'asar, da wani maƙwabcinsa Nababa ya biyo ta gonar ya gan shi. A asibiti aka yanke ƙafar.

Hure ce ta yi jinyarsa. Ta ce ta yafe, kuma na yarda har zuci ta faɗa. Amma yafiya ba ta tayar da bishiya. Babu kalwa, babu abin sayarwa, dole surukinta, mijin 'yarta, ya zo daga Dawakin Tofa ya tafi da ita. Ranar tafiya ta zo yi masa sallama. Ya yunƙura zai yi mata rakiya ko zuwa bakin hanya, ya koma ya zauna. Daga cikin zaure ya ji tashin motar. Wallahi abin da tausayi. Yau sai ya wuni bai ji muryar da ta kira sunansa ba.

Ya 'yan uwa, inji ba shi da laifi, yunwa ma ba shi kaɗai ta kama ba. Abin da ya kayar da shi haƙƙin 'yar'uwa ne, da raina kiran salla. Gadon mace ba kyauta kake mata ba, Allah ne Ya yanka mata. Wanda yake riƙe da bishiyar yayarsa, ko kuyyar gonar ƙanwarsa, ya mayar tun yana da ƙafar zuwa ƙofarta.

Allah Ya kiyaye mu daga cin haƙƙin na jikinmu, kada Ya bar mu mu kaɗai da abin da hannayenmu suka aikata. Amin.