Manomin da Ya Yi Ciniki da Hanya

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutumin kirki, mai tsoron Allah, mai son aiki. Aibinsa ɗaya ne, in ma aibi ne: bai taɓa karɓar magana a faɗin farko ba. In ya shiga kasuwa, 'yan tireda suna hango hularsa sai su gyara zama, domin sun san yau akwai aiki. Ko allura zai saya sai ya zaga rumfa uku, ya taya nan, ya yi kamar zai tafi, ya dawo, har sai an yi masa ragi. Matarsa Afiniki ta daɗe da daina raka shi cefane. Ta ce ba ta da ƙafar da za ta kashe a kan albasa.

Wata shekara manomin ya yi niyyar kiwon tarwada. Wata biyu cur yana haƙa tafki a bayan gidansa, shi da matarsa, har hannuwansu suka yi kanta. Da tafkin ya cika da ruwa, saura 'ya'yan kifi, su kuwa a wani gari mai nisa ake ƙyanƙyashe su. Sai suka ɗora jarkoki shida a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa, suka bi kwalta, suka kwana a gidan ƙanwar Afiniki a can garin.

To, manomin nan yana da waya, a cikin wayar kuma akwai manhaja uku masu nuna hanya. Mutum irinsa ai ba zai tsaya a kan ɗaya ba. Ta farko ba ta da yawan magana. Takan zana hanya, ta shafa ja a inda motoci suka cunkushe, ta faɗi lokacin da za a isa, kuma da wuya lokacin ya saɓa. Ta biyu kuwa bakinta ba ya hutawa, gama direbobin da suka riga wucewa ne suke sanar da ita abin da suka gani: ga rami a gaba, ga tirela ta lalace, an tare hanya a wuri kaza. Afiniki tana kiranta uwar surutu. Ta uku mai gyaran waya ne ya sa masa ita tun ranar da ya sayi wayar. Tana aiki ko babu sabis, domin taswirarta a cikinta take. Sai dai shekara uku ke nan tana roƙo a sabunta ta, shi kuwa kullum sai ya danna mata "sai anjima". Ba ta san ja ba, ba ta taɓa kawo masa mugun labari ba. Ita ce ya fi ƙauna.

Da gari ya waye, matar da take ƙyanƙyasar kifin ta zuba masa ƙananan tarwada a jarkokin, waɗanda aka yanke musu baki don iska ta shiga. Kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta ja masa kunne cewa kada ya wuce awa huɗu a hanya, kada ya bari rana ta ɗumama ruwan, kada kuma ya yi ta jijjiga su, in ba haka ba zai iske su sun juya ciki sama. Manomin ya leƙa cikin jarka, ya ga suna ta wutsil-wutsil, sai ya ji ƙaunarsu ta kama shi, tare da tsoro. Ya tuna jiya awa huɗu suka yi a kan kwalta, har da ɗan ɗori.

A bakin gari, inda hanya ta rabu biyu, ya tsaya ya buɗe manhajojin nan ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta ce a bi kwalta, awa huɗu ba minti goma. Ta biyu ita ma ta ce kwalta, ta ƙara da cewa ana gyara a wuri ɗaya, a yi haƙuri. Game da ɗaya hanyar kuwa, ta burji wadda ta ratsa daji, ta ce wani direba ya ba da labari ba a wucewa. Manomin ya ɓata fuska kamar an faɗa masa farashin da bai yi masa ba. Sai ya buɗe ta uku. Ta zana masa hanyar burjin a miƙe sambal, ta haye wani kogi, ta ce awa biyu da rabi.

Fuskarsa ta washe. Afiniki ta dube shi ta ce, "Baban Tabita, biyu fa sun ce kwalta."

Ya ce, "Biyun nan tsada gare su. Ga wadda ta yi mana ragi."

Ta ce, "Hanya ai ba atamfa ba ce da za a yi maka ragi."

Ya yi dariya, ya ce ita dai ba ta taɓa iya ciniki ba. Ya rufe bakin manhajoji biyun, ya bar ta uku, ya karya kan mota zuwa burji.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Babu tirela, babu cunkoso, ga gonaki kore shar dama da hagu. Manomin ya kama waƙar yabo, yana buga sitiyari da yatsu, yana yi wa matarsa ba'a cewa da ya bi shawararta da yanzu suna bayan tankar mai suna shan hayaƙi. Afiniki ta bar shi da waƙarsa. Ita dai ƙasa take kallo. Bayan kamar awa guda ta lura ciyawa ta tsiro a tsakiyar hanya, sawun da ke kanta kuma na shanu ne da na babur, babu na mota ko ɗaya. Ta faɗa masa. Ya ce wannan ai alama ce mutane ba su gano hanyar ba tukuna.

Daga nan hanya ta lalace. Mota ta shiga gargada, ruwa yana fantsama daga jarkoki, rana kuma ta fara ɗagawa. Waƙa ta mutu a bakin manomin. Amma manhajar tana nan da muryarta mai sanyi, tana cewa a miƙe, saura kaɗan.

Sai ga kogi. Ya cika ya batse, jajawur da ruwan damina. Gada kuwa babu ita. Ginshiƙai biyu kawai suka rage a tsakiyar ruwa, wata balbela tana tsaye a kan ɗaya. Manomin ya taka birki. A daidai lokacin manhajar ta ce masa, cikin ladabi, ya ci gaba ya haye gada.

Ya sauko da sauri ya leƙa jarkoki. Ruwan ya yi ɗumi, kifayen sun taso sama suna haki, wasu har sun fara juyawa. Ya tuna wata biyun da suka yi suna haƙa, ya tuna hannuwan matarsa, kunya ta rufe shi har ya kasa duban inda take.

A gindin wata bishiya akwai wani tsoho masunci yana ɗinkin taru. Suka gaisa. Tsohon ya ce damina biyu ke nan da ruwa ya tafi da gadar, ya kuma tambaye shi yadda aka yi ya shigo da mota har nan, ko bai tambayi hanya ba ne.

Manomin ya ce, "Na tambaya, Baba. Har uku na tambaya."

"Me suka ce maka?"

"Biyu sun ce in bi kwalta."

Tsohon ya ci gaba da ɗinkinsa, ya ce, "To, ɗana, ai ba tambaya ka yi ba. Wanda zai yarda da kai ka fita nema, ka kuwa same shi."

Manomin ya buɗe baki zai taya, kamar yadda ya saba, sai ya ga babu abin tayawa. Afiniki ta juya baya tana gyara ɗankwali, tana danne dariya.

Tsohon bai tsaya a magana ba. Ya ajiye tarunsa, ya nuna musu yadda za su rage rabin ruwan jarka su ƙara mai sanyi a hankali, daga wani ɗan wuri a gefen kogi inda ruwa ya kwanta. Suka jiƙa buhuna suka lulluɓe jarkokin, suka ɗora ganye a kai. Sa'an nan Afiniki ta miƙa hannu, manomin ya sa mata wayar ba gardama. Ta hau ɗan tudu inda ake samun sabis, ta buɗe manhajojin nan biyu da aka rufe wa baki. Duka biyun suka nuna wata 'yar hanya da ta bi gefen kogi ta koma kwalta a can gaba, tsohon kuma ya ce haka ne, ranar kasuwa ma motoci sun bi ta. Suka ce awa huɗu daga nan. Wannan karon babu wanda ya nemi ragi.

Sai wajen la'asar suka isa gida. Da suka juye jarkoki a tafki, kashi biyu cikin uku suka nutsa suna iyo, sauran suka taso fari fat. Ran nan agwagin Afiniki suka yi biki. Manomin ya zauna a bakin tafki, yana baƙin cikin waɗanda suka mutu, yana gode wa Allah saboda waɗanda suka rayu. Kafin rana ta faɗi ya ɗauko wayar ya sabunta manhajar nan ta uku. Da ta gama, sai ta zana kogin babu gada, ta ce a bi kwalta, awa huɗu ba minti goma. Ya nuna wa matarsa, ya ce ita ma ta daina ragi.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana: manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Ƙananan kifayen su ne abubuwa masu rai da Ubangiji ya ba mu amana, waɗanda ba sa jure dogon ɓata: aurenmu, 'ya'yanmu, sunanmu a cikin jama'a, da bangaskiyar da ke zuciyarmu. Manhaja ta farko kamar Maganar Allah take, ba ta da yawan surutu, amma abin da ta faɗa haka za ka iske shi. Ta biyu kamar 'yan'uwa ce da suka riga mu bin hanyar, suka faɗa ramin, suka fito suna ce mana mu kauce. Wani lokaci maganarsu takan yi mana yawa, har mu laƙaba musu suna. Ta uku kuwa ita ce muryar da ba ta taɓa ɓata mana rai.

Ku lura, manhaja ta uku ba muguwa ba ce. Ba da gangan ta yi ƙarya ba. Ba ta san ruwa ya ci gada ba, shi ke nan. Haka abokin nan naka yake, wanda duk lokacin da ka kai masa ƙarar matarka sai ya ce kai ne da gaskiya. Yana ƙaunarka, amma ba shi zai kwana a gidanka ba. Haka ma zuciyarka take in ka daɗe ba ka kawo ta gaban Ubangiji ya sabunta ta ba. Za ta nuna maka gada a inda babu gada, da murya mai daɗi kuwa.

Neman shawara a wuri uku ba laifi ba ne, hikima ce. Kwatanta su ma ba laifi ba ne. Laifin manomin yana wajen mudun da ya auna da shi. Bai tambaya wacce ta san hanyar a yau ba, bai damu ba cewa biyu sun yi baki ɗaya. Abin da ya nema kawai shi ne wacce ta fi sauƙi. Tsoro ne kuma ya kai shi, domin yana ƙaunar kifayensa. Yawancinmu ba mugunta ce take sa mu bi gajeriyar hanya ba, tsoro ne da gaggawa.

Ni da nake faɗa muku, na taɓa yi. Na yi faɗa da wani ɗan'uwana, na je wurin wani dattijo ya ce in je in nemi gafara, na je wurin wata uwa a Zumuntar Mata ta cocinmu, ita ma ta faɗi haka nan. Ban tsaya ba sai da na sami wanda ya ce in rabu da shi, ai shi ne ƙarami. Na dawo gida ina murna, ina cewa na yi shawara. Shekara biyu muka yi ba mu ci tuwo a kwano ɗaya ba, a ƙarshe kuma gafarar nan dai na je na nema.

Saboda haka kowa ya bincika kansa. Na tabbata akwai wani da ya taɓa faɗa maka gaskiyar da ba ka so, tun daga ranar kuma ka rage gaishe shi. Wataƙila yana zaune a cikin ɗakin sujadar nan yanzu, benci biyu tsakaninku. In an tashi, kada ka bi ta ɗaya ƙofar. Je ka same shi, ka ce ya sake faɗa maka, wannan karon za ka ji.