Kwalekwalen da Ya Ƙi Tsayawa

Akwai wani mutum mai kwalekwale, yana ƙetarar da kaya a kogi. Kullum in ya komo babu kaya, yakan daina tuƙi daidai wata bishiyar ɓaure, ya miƙa ƙafa ya tokari dutsen da ke bakin gaɓa, jirgin ya tsaya cak.

Wata rana aka loda masa duwatsun niƙa, irin waɗanda sai ƙarti sun yi nishi kafin su ɗaga. Ya sa gora ya tura, da ƙyar jirgin ya motsa. Amma da ya kama hanya, sai ya yi ta sulalawa kamar ba komai a ciki. Gogan naku ya yi dariya, wai ruwa ya shanye nauyin. Ya yi ta zuba gora, bai daina ba sai a ɓauren nan da ya saba.

Ga shi kuwa mahaifiyarsa Tabita, tsohuwa ce da ba ta ji sosai, ta shiga ruwa har gwiwa tana wanki a jikin dutsen, ta ba kogi baya.

Ya kafa gora a ƙasa, gora ta karye. Ya ƙwala mata kira, ba ta waiga ba. Jirgin nan fa ba gudu yake ba, a hankali yake zuwa, amma ya ƙi tsayawa. Ya faɗa kogin, ya ture ta gefe, jirgin ya matse ƙafarsa da dutse har ƙashi ya karye.

Yana kwance yana kuka ya ce, "Inna, ban ji nauyinsa ba ko kaɗan."

Ta ce, "Ai duwatsun suna ciki, ɗana. Ina za su je?"

Ma'anar wannan misali ita ce: masana kimiyya sun raba abu biyu. Akwai nauyi, wato jan da ƙasa ke yi wa abu. Wannan ruwa ya ɗauke wa mutumin. Akwai kuma yawan jikin abin kansa, wanda ke sa shi taurin kai in za a motsa shi, da taurin kai in za a tsayar da shi. Wannan ba mai ɗauke maka.

Haka fushin da kuke lodawa a zuciya yake, 'yan'uwana. Kun saba da shi har ba kwa jinsa, kuna cewa ran da kuka ga dama za ku tsaya. Ƙarya kuke yi wa kanku! Ku kai shi gaban Ubangiji ku sauke tun kuna tsakiyar kogi. Wanda ke tsaye a bakin dutsen nan, ya ba ku baya, ɗan gidanku ne.