Keken Jaririya Da Kowa Ya Ara

A wani ƙauye da ke bisa tudu akwai wani mutum, manomin dankali, wanda duk gari ya shaide shi da hali guda: bai iya cewa a'a ba. Fartanyarsa ta fi sanin gonakin mutane a kan tasa, baronsa kuwa sai ya bi gida gida yana cigiya kafin ya san inda ya kwana. In ka roƙe shi abu, tun ba ka rufe baki ba ya ce, "Haba, ɗauka mana." Mutane suna kiransa mutumin kirki, shi kuwa wannan suna ya fi masa zuma daɗi.

Ana nan sai Ubangiji ya ba shi 'ya mace, aka sa mata suna Kyauta. Amma haihuwar ta zo da gardama. Sai da aka yi wa matarsa tiyata aka ciro yarinyar, ɗinkin kuma ya ƙi warkewa da wuri. Ranar da za a sallame su likita ya ja masa kunne, ya ce, "Matarka ba za ta yi goyo ba. In ta ɗaure cikin nan da majanyi, ɗinkin zai buɗe." Matar ta yi kuka, gama a garinsu ba a taɓa ganin uwar da ba ta goya ɗanta ba.

Da dankali ya yi, mutumin ya kai birni ya sayar, ya wuce layin masu gwanjo neman keken tura jariri. Gaskiya a faɗe ta, ya iya zaɓe. An fara nuna masa wani ja mai kyalli, da 'yan ƙararrawa suna lilo a gabansa, amma da ya girgiza shi ya ji yana rawa, sai ya bar shi. Ya yi ta dubawa har ya sami wani mai faffaɗan tayoyi, mai rumfa ta kare rana, da ɗamara wadda ke bi ta kafaɗun yaro ta ratsa tsakanin ƙafafunsa. A bayansa akwai birki da ake takawa da ƙafa. Ya taka, ya tura keken da iyakar ƙarfinsa, ko motsi bai yi ba.

Mai kayan ya ce masa, "Maigida, ka ɗauki na ƙwarai. Sai dai ka ji, na yaro ne, daidai nauyin yaro aka yi shi. In ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba zai yi maka ƙorafi ba, zai dai riƙe abin a cikinsa."

Mutumin ya ce, "Wa zai ɗora kaya a keken 'yata?"

Ranar da ya shigo gari da keken, yara suka bi shi a guje, mata suka yi ta dariya suna cewa Kyauta ta zama 'yar Bature. Uwar ba ta kula su ba. Yanzu tana iya kai 'yarta awo, tana iya zuwa sujada, tana iya ajiye ta a inuwa ta yi girki tana kallonta. Gidan ya sami sauƙi, yarinyar kuma tana ta girma.

Wadda ta fara zuwa ita ce Mama Damaris, shugabar zumuntar mata. Ta shigo da sallama tana dafe gwiwa, ta ce, "Baban Kyauta, ɗana, gwiwar nan ta hana ni sakat, ga masarata tana jiran niƙa. Ara mini keken jikata in kai inji. Sau ɗaya ne kawai."

Maganar mai gwanjo ta faɗo masa a rai. Amma ya dubi furfurarta, ya tuna ita ce ta yi ta kai musu kunu suna asibiti, sai ya ji bakinsa ya ce, "Haba Mama, ɗauka mana." Da yamma keken ya dawo fari fat da gari, taya ɗaya ta baya kuma ta ɗan karkace.

Labari ya kai kunnen maƙwabcinsa Filibus. Washegari ya leƙo ta kan danga, ya ce, "Ɗan'uwa, na ga keken nan ya san hanyar inji. Ai bai kamata ya rasa sanin hanyar rijiya ba. Ko ni ne za ka hana?" Ya ɗora jarkokin ruwa, da ya ga suna zamewa sai ya ɗaure su da ɗamarar yarinya, ya ja da ƙarfi har maɓallinta ya tsinke. Ya dawo da keken ya jingine ya yi gaba abinsa, mai keken ma ya gani ya kawar da kai.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Keken ya ɗauki buhun taki, ya ɗauki itace, ya ɗauki tukwanen biki, har gangunan ƙungiyar mawaƙa ya kai majami'a. Kowa da ya zo sai ya ce sau ɗaya ne kawai, kuma kowa gaskiya ya faɗa, domin shi dai sau ɗaya ya zo. Sau da yawa Kyauta tana kwance a tabarma ƙuda yana damunta, ana jiran a ga wanda zai dawo mata da kekenta.

Wata rana matar ta zaunar da shi, ta ce, "Baban Kyauta, keken nan na wane ne?"

Ya ce, "Na Kyauta mana."

Ta ce, "To me ya sa sai mun aika roƙo kafin ta shiga? Ɗamarar ta tsinke, ka gani. Birkin ba ya kamawa. Jiya na taka shi a ƙofar gida, ina sakin hannu ya ci gaba da tafiya."

Ya ce, "Zan duba. Amma Maman Kyauta, mutanen nan su suka tsaya mana kina asibiti. Su suka nome mana gona. Da wane ido zan dube su in ce na hana?"

Ta ce, "Ka ba su dankali. Ka ba su rigar wuyanka in kana so. Wannan kam ba naka ba ne da za ka bayar."

Maganar ta soke shi, amma bai sake hali ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙara ƙwazo wajen wanki. Kowace Asabar da yamma sai ya fito da keken tsakar gida, ya wanke shi da sabulu, ya dirje tayoyin da soso, ya shanya rumfar, ya goge ƙarafan har suna ɗaukar ido. Tsinkakkiyar ɗamarar kuwa ya cusa ta ƙarƙashin katifar don kada a gani. Bai taɓa kifa keken ya duba ƙasansa ba, gama ya san abin da zai tarar. In zai tsayar da shi a gida, sai ya sa dutse a gaban taya. Ran Lahadi kowa ya ga keken sai ya ce, "Kai, mutumin nan ya iya riƙon kaya!"

Majami'ar garin tana can ƙolin tudu. Daga ƙofarta hanya ta gangara, ta miƙe har kwalbatin rafi, inda duwatsu suke. Wata Lahadi bayan an tashi sujada, matar ta tsaya taron mata, shi kuwa ya fito da Kyauta yana tura ta. Yarinyar ta fara zama ke nan, ga 'yan haƙora sun ɓullo, tana ta tafa hannu tana gwaranci.

Sai ga Baba Istifanus, babban dattijon ikkilisiya, ya nufo shi ya miƙo hannu. A garin nan ba a gaida dattijo da hannu ɗaya. Sai ka cire hula, ka rusuna, ka ba shi hannu biyu, in ba haka ba a ce ba ka da tarbiyya. Mutumin ya taka birki yadda ƙafarsa ta saba. Zuciyarsa ta ce masa birkin nan ba ya kamawa. Ya waiga neman dutse, ba dutse kusa, ga hannun dattijo a miƙe, ga jama'a suna kallo. Ya ce a ransa gaisuwa ce kawai, sai ya saki keken.

Gaisuwar dattijo kuwa ba ta gajarta. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi mai jiki, ya tambayi gona, yana riƙe da hannuwansa biyu. Ya ce, "Ɗana, irinka muke nema a ikkilisiya. Ban taɓa jin wanda ka hana abu ba." Bai rufe baki ba wata mata ta ƙwalla ihu.

Da mutumin ya juya, keken ya riga ya kama gangara. Ya fizge hannunsa ya bi shi a guje, takalminsa ya fita bai sani ba, yana kiran sunan 'yarsa. Abin da ya kasa mantawa har yau shi ne, da fari Kyauta dariya take yi, ta ɗauka wasa ne. Keken ya ƙara gudu. Da ya kai kwalbati, karkatacciyar tayar nan ta fice, keken ya wuntsila, kuma babu ɗamarar da za ta riƙe yarinyar. Ta faɗa kan duwatsu. Ya ɗauke ta, aka samo mota, amma ba su kai asibiti ba ta cika a hannunsa.

Matar ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta karɓi gawar ta rungume, ta ce, "Da na goya ki, ko da cikina zai buɗe." Daga nan ta daɗe ba ta ɗaga ido ta dube shi ba.

Gari duka ya zo zaman makoki. Mama Damaris ta yi kuka na gaske, ta kuma gaya wa na kusa da ita cewa ita dai lafiya lau ta mayar da keken. Filibus ya girgiza kai ya ce kayan gwanjo ke nan, ba su da tabbas. Sauran suka ce nufin Allah ne. Mutumin yana zaune yana jinsu, ya san ba Allah ya tsinke ɗamara ba, ba Allah ya saki keke ba.

Da makoki ya watse, wata safiya Filibus ya sake leƙowa ta kan danga. Ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri da maganar. Keken nan, tun da yanzu ba mai shiga, in aka ɗaure tayar da waya ai zai iya ɗibar ruwa."

Mutumin ya dube shi, ya ce, "A'a."

Filibus ya ce, "To, ba komai," ya tafi abinsa. Washegari ya gaishe shi kamar kullum. Ba wanda ya yi fushi, ba wanda ya daina shiga gidansa, ba wanda ya ce ya zama mugu. Wannan ne ya fi ƙona masa rai. Ya shiga ɗaki ya yi kuka mai zafi, gama ya ga ashe kalmar ba ta da nauyin da ya yi ta tsoro.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Yarinyar nan ita ce amanar da Ubangiji ya danƙa a hannun kowannenmu: bangaskiyarka, aurenka, 'ya'yanka, ranka kansa. Keken kuwa zuciyarka ce da lokacinka da ƙarfinka, waɗanda aka ba ka domin su ɗauki wannan amana su kai ta gida lafiya. Da yawa cikinmu mun fara da kyau, mun zaɓi hanyar Almasihu da idonmu a buɗe, kamar yadda mutumin nan ya gwada birki a kasuwa. A riƙo ne muke faɗuwa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an koya masa rowa. Ka ba da fartanyarka, ka ba da hatsinka, ka ba da guminka, Allah yana murna da haka. Amma akwai abin da aka keɓe, wanda ba naka ba ne balle ka yi alheri da shi. Ku lura kuma, ba ɓarawo ne ya lalata keken ba. Mutanen kirki ne, 'yan majami'a ɗaya, kowa da 'yar buƙatarsa. Haka abokin da zai ce ka rufa masa asiri da ƙarya sau ɗaya, da ɗan'uwan da zai ce ka raka shi inda ka san bai dace ba, da hidimomin da suka cinye ka har 'ya'yanka ba su san muryarka a addu'a ba. Kowane ɗaya yana ɗan lanƙwasa wani abu a cikinka, lamirinka yana ta sakewa, kai kuwa kana ta wanke waje domin Lahadi.

Abin da mutumin nan yake kira kirki, rabinsa tsoron mutane ne da son yabo. Abin yana ba ni baƙin ciki, domin na san muna da yawa a haka, kuma ba wanda zai tsawata mana tun da kowa yana cin moriyarmu. Wanda ya san birkinsa ya saki, kada ya jira gangara ta gaya masa. Ya tuba yau, ya roƙi Ubangiji ya gyara, ya kuma koyi hana abin da ya kamata a hana, ko da furfura ce ta roƙa.

Gama rana tana zuwa da Mai amana zai tambayi amanarsa. Ba zai tambayi mutum nawa suka yabe ka ba. Zai ce, "Ina abin da na ba ka ka riƙe mini?" A ranar nan masu aro duka suna da tasu amsar da za su bayar, ba wanda zai tsaya ya ba da taka.