Katangar da Malam Isiyaku Ya Ja

Ku gyara zama ku saurara da kyau, don in na kai ƙarshe ku ne za ku yanke hukuncin.

A Funtuwa an yi wani mutum ana ce masa Malam Isiyaku. Ya shekara talatin yana koyar da aikin injina, da ya yi ritaya sai ya buɗe shago a ƙofar gida. Matarsa sunanta Saude, 'ya'yansu uku, duk sun kawo ƙarfi. Akwai Mudassir ɗan fari, wanda Saude ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce Yayanku. Akwai Zulai, wadda ta yi karatun lantarki. Sai Tasi'u, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda boko bai karɓe shi ba, amma hannunsa a walda sai wanda ya gani. Malam yana da wani hatimin ƙarfe mai sunan shagon. Duk injin da zai fita sai ya buga masa shi da guduma, kuma mai riƙe da hatimin shi ne mai faɗa a ji a shagon.

Ana nan sai injin niƙa na ƙungiyar matan unguwa ya lalace. Haƙoransa sun cinye, ɓurɓushin ƙarfe yana bin gari, in an tuƙa tuwo a ji shi ƙaras-ƙaras a baki. Ma'aikatan lafiya suka zo suka rufe wurin. Mata arba'in ne ke cin abinci da injin nan, da yawansu masu riƙon marayu. Suka taru suka zo wajen Malam. Ya yi musu alkawarin ganga mai maganaɗisu, wadda gari zai riƙa zubowa ta kanta, ƙarfen ya manne, garin ya wuce tas.

Ya yi odar maganaɗisan daga ƙasar waje, suka iso tare da zanen gangar wanda ake buɗewa a kwamfuta. Saiti ɗaya ne tak, kuma in an manna su ba sa ciruwa sai sun fashe. Don haka dole ya fara gwadawa a kwamfutar, ya ga iya inda ƙarfin jan zai kai, kafin ya taɓa komai. Ya taɓa yi wa Saude bayani tana tsince shinkafa. Ya ce na'urar ba ta iya lissafa duniya gaba ɗaya, sai ka ja katanga kewaye da zanen ka ce mata nan ne iyaka, sannan ka faɗa mata abin da ƙarfin zai yi in ya iso katangar. Ya ce ma ya raba gangar biyu a zanen, rabi kawai yake lissafawa don aikin ya yi sauri.

Wata huɗu yana fama. Kullum amsa ɗaya ce: ƙarfin ba zai kai ga garin ba. Matan in sun gamu da shi a hanya su gaishe shi, ba sa tambaya, shirun nasu ya fi tambayar ciwo. Saude ta ga abincinsa yana dawowa a rufe. Wata rana bayan la'asar ya ce mata, "Saude, ilimin ya bar ni. Na tsufa ban sani ba." Ta ce ya yi istigfari, Allah ne mai buɗi. Ya yi. Amma kwana tara bayan haka ciwo ya kwantar da shi, bai ƙara tashi ba. Kafin ya cika ya damƙa mata hatimin, ya ce gado a raba yadda Allah ya tsara, wannan kuwa ta ba wanda ya cika wa matan nan alkawari.

Tana cikin takaba 'ya'yan suka buɗe shagon. Daga ɗakinta tana jiyo su.

Mudassir ne ya fara. Shi zane ya sani. Ya bi zanen nan gunduwa-gunduwa, ya gano cewa farantin ƙarfen da ke bayan maganaɗisan ya iso ba a rubuta da me aka yi shi ba. Kwamfutar da ba a faɗa mata ba sai ta ɗauke shi iska ce. Alhali farantin nan shi ke tattaro ƙarfin ya turo shi gaba. Ya gyara. Amsa ta ɗan motsa, ba ta isa ba.

Zulai ta karɓa. Ta duba katangar da mahaifinsu ya ja, ta ga ya matso da ita har tana gogar gangar. Malam mutum ne mai tsimi, ko guntun waya ba ya yarwa, a zane ma bai yarda ya ɓata fili ba. Ƙarfin yana fitowa sai ya ci karo da iyaka ya takure. Ta ja katangar baya ninki biyar, ta ba shi sarari. Amsa ta ƙara hawa, har yanzu da saura.

Tasi'u bai taɓa kwamfutar ba. Ya jera maganaɗisan a kan katako yadda zanen ya nuna, ba tare da ya manna ba, ya ɗora kwali a kai, ya barbaɗa garin ƙarfe daga ƙarƙashin injin gurza. Garin ya jeru layi-layi. Ya kira su ya ce, "Ku zo ku gani, 'yan boko. Nan ne Baba ya raba gangar, ko? A talabijin ɗinku layukan suna kwanciya su bi gefen yankan. A nan kuwa tsallakewa suke yi kai tsaye." Zulai ta ce ba talabijin ba ce, amma ta sunkuya ta duba. Gaskiyarsa ne. Malam ya faɗa wa na'urar cewa babu abin da ke ƙetare wurin yankan, alhali ta nan ne hanyar take. Aka sauya. Amsa ta fito cif, har da rara.

Suka manna, suka ɗaura gangar. Aka zuba buhun masara, garin ya fito fes, ƙarfen ya taru baƙi ƙirin a jikinta. Aka buɗe wa matan injinsu.

Ranar da Saude ta fita takaba, ta kira su ɗakinta da hantsi, hatimin yana kan cinyarta. Ta sa musu albarka, ta tambayi yadda aka yi suka gano abin da ya gagari mahaifinsu cikin mako uku kacal. 

Mudassir ne ya buɗe baki, kansa a ƙasa. Ya ce ya ga matsalar farantin tun Malam yana da rai. Ya taɓa gyarawa a ɓoye Malam yana masallaci, da ya ga amsar ba ta cika ba sai ya mayar da komai yadda yake, don ba zai ce wa uba ya yi kuskure ba alhali ba shi da cikakkiyar hujja. Zulai ta ce ita har ta furta. Ta ce, "Baba, ko katangar ta matse?" Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce ruwan shayi ta zo tambaya ko a ɗora. Tasi'u ya ce tun ranar da kayan suka iso ya yi wasa da garin ƙarfen, ya ga layukan. Amma wane shi, mai walda, ya ja da na'ura da malamin malamai? Kuma babu wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa, kowa yana kare mutuncin Baba.

 Saude ce ta koya musu wannan. Tun suna ƙanana take ce musu in babba ya yi magana a yi shiru, ba a ɗaga ido a dube shi, kuma ta yi alfahari da yadda suka ji. Ta ce a hankali, "Da kun haɗa baki rana ɗaya, da ya tafi ya san ilminsa yana nan." Sai ta yi sauri ta nemi gafarar Allah, don ta san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma sanin hakan bai hana hawayen zuba ba.

Har yau gangar tana aiki babu hatimi a jikinta, shagon kuma babu shugaba. Ba don Mudassir ba, da farantin yana nan a matsayin iska. Ba don Zulai ba, da katangar tana nan a matse. Tasi'u kuwa, ba don garin ƙarfensa ba da har gobe suna gardama da na'ura. Dukkansu sun gani, dukkansu sun yi shiru lokacin da magana take da amfani.

To, ku da kuka ji, in ku ne Saude, a hannun wa za ku sa hatimin nan?