Geron Nomau a Soron Tasalla

An ce wai, kuma ban ga abin musu a ciki ba, an yi wani mai sayar da hatsi a wani gari na ƙasar Katsina, sunansa Nomau. Kasuwa ta yi masa kyau, ya gina sabon gida kusa da rumfarsa, ya ƙudura sayar da tsohon. Gidan ba laifi: ga zaure, ga ɗakuna, ga rijiya, ga wani babban soro na ajiya. Sai dai soron nan gara ta ci azararsa, kowace damina yoyo yake yi.

Da rani ya tsaya, Nomau ya shiga shirya gida saboda masu zuwa dubawa. Ya share tsakar gida, ya yashe rijiya, ya gyara ƙyauren zaure, duk wannan ba mai ganin laifinsa. Da ya zo kan soro bai kira magini ba, domin magini yana da baki. Da kansa ya hau ya yi yaɓe sama-sama, ya sauko ya bi tabon ruwa da farar ƙasa har ɗakin ya yi fes. Aikin ya yi kama da abin da mu masu sanƙo muke yi da babbar hula: kan yana nan yadda yake, kallo kawai aka rage.

Wadda ta zo saye wata dattijuwa ce mai suna Tasalla, sana'arta gishiri, kuma soron ne ya kawo ta. Ta ɗaga kai ta dubi rufi, ta ƙwanƙwasa bango, ta tambaya ko ruwa yana shiga. Nomau ya ce shi dai bai taɓa gani ba. Aka ƙulla ciniki gaban shaidu, bisa sharaɗin cewa abin da ido ya gani shi aka saya, kuma duk aibin da mai gida bai sani ba babu ruwansa da shi.

Tasalla ta tare, ta jibge gishirinta a soro. Ruwan farko na damina ya sauka, rabin jarinta ya narke ya bi ƙasa. Ta san in aka ƙara irin wannan, sana'ar ta ƙare, ga shi duk abin da ta mallaka ta zuba a gidan. Ta kai ƙara wurin alƙalin garin, Malam Ɗalhatu, mutum mai jinkirin magana.

Nomau ya zo da hujja mai kyau. Ya ce yaɓe da shafe al'ada ce, kowa yana yi kafin damina, balle wanda zai nuna gida ga baƙo. Ya ce ruwan bana ne ya yi ƙarfi, shi tun da ya miƙa makulli bai sake taka gidan ba, ko a ina yake yoyo ma bai sani ba, kuma a shirye yake ya rantse.

Magana ta tsaya wa alƙali. In ya hukunta mutum don ya gyara gidansa, gobe ba mai shafa farar ƙasa cikin kwanciyar hankali. In kuma ya bar shi ya rantse, ya san shari'ar za ta ƙare ne Tasalla ta tashi a tutar babu. Sai ya ce a ajiye rantsuwa tukuna. Ya tafi gidan ba tare da Nomau ba, Tasalla ta nuna masa wurare uku da ruwa yake zuba. Ya umarce ta ta kwashe sauran gishirin, ta share daɓe, ta sake shafe rufin da farar ƙasa har kada a ga alama.

Tasalla ta ce, "Allah ya gafarta malam, shaidata ke nan kake cewa in shafe."

Ya ce, "Shafe ta, baiwar Allah. Yadda aka shirya miki ɗakin nan, haka za mu shirya wa wanda ya sayar miki da shi."

Ranar da hadari ya haɗu a gabas, alƙali ya aika aka kira Nomau. Ya ce masa bai sami hujja a kansa ba, amma matar nan hankalinta ya ƙi kwanciya. Tun da shi Nomau ya tabbata ɗakin lafiya yake, ya kawo geron rumfarsa ya ajiye a ciki zuwa ruwa na gaba, in bai jiƙe ba shari'a ta ƙare. Nomau ya dubi sama, ya dubi jama'a, ya ga ba ƙofar fita, ya ce to.

'Yan dako suka fara shigo da buhuna, alƙali yana zaune kan tabarma bakin ƙofa yana jan carbi. Na farko ya sauke buhu a kusurwar arewa, inda kowane mai hankali zai fara jera kaya. Nomau ya ce a matso da shi, can akwai ɓera. Wani ya sauke a tsakiyar ɗaki, Nomau ya ja shi gefe da hannunsa, ya ce a bar hanya. Wani ya jingina nasa bayan ƙofa, Nomau ya ɗauke bai ma tsaya neman dalili ba, domin iska ta fara kaɗawa. Kafin a gama, gero ya taru tsibi guda har yana taɓa rufi a wani lungu marar fasali, ga fili fetal a wurare uku.

Alƙali ya miƙe ya shigo, ya tsaya a kusurwar arewa. Ya ce, "Malam Nomau, ka ce ba ka san inda ɗakin nan yake yoyo ba, na kuma so in yarda da kai. To, rufin nan fari ne ko'ina, ni kaina da aka nuna wa wuraren sai na yi tunani kafin in tuna. Kai ba wanda ya nuna maka, amma ba ka kuskure ko ɗaya ba. Bakinka ya manta, hannunka bai manta ba, ni kuwa shaidar hannun zan karɓa."

Nomau ya ce, "Allah ya gafarta malam, ɓeran fa gaskiya ne."

Alƙali ya ce bai musa ɓera ba.

Aka ba Tasalla zaɓi, ko a warware ciniki ko a gyara mata soro. Ta ce ita ba ta da ƙarfin ƙaura tsakiyar damina, a gyara. Alƙali ya yanke cewa Nomau zai mayar mata da gishirinta, ya sa sabuwar azara a gaban magini. Kafin nan kuma, ya ce a raba buhunan gero uku, a jera su daidai wuraren da mai su ya ƙi, kada a ɗaga ko ɗaya sai rufi ya kammala. An ce ba a taɓa ganin aikin soro da ya yi sauri irin wannan a garin ba, kuma mai gero da kansa yake miƙa ƙasa.

Saboda haka duk wanda zai shirya gida don mai dubawa, ya fara da gyara wurin da shi kansa ba zai yarda ya ajiye abincinsa ba. Shara da farar ƙasa sa biyo baya.